Abin da Likita Ya Hana

Likita Mannir ya naɗa mini robar nan a dantse,
ya matsa, ya matsa, ya dubi allura, ya girgiza kai.
Ya ce, "Baba, rage gishiri.
Gahawa kuwa, daga yau sai dai ku gaisa daga nesa."
Na dawo Rafindaɗi, ga gwangwani cike a saman kabad,
ko mako bai yi da saye ba.
Zubarwa asara, sha kuma ganganci.

Shekara talatin da ɗaya ina akawu a hukumar ruwa,
ban taɓa zana ko kaza ba.
Lambobi nake jerawa, kowace ta bi layi ta zauna.

Barira ce, jikata, 'yar aji uku,
ta iske na dama rabin cokali a murfin kwano
don hanci kawai ya samu rabonsa.
Ta tsoma yatsa, ta ja a bayan tsohuwar takardar kuɗin ruwa,
ta ce, "Kaka, ga katanga."
Na buɗe baki zan yi faɗa, faɗan ya maƙale.
Launin katangar gidanmu ne na Yammawa, sak,
bayan ruwan farko ya dake ta ya wuce.

Ba mu da buroshi.
Na tauna bakin asuwaki har ya yi gashi,
Barira ta figo tsinke a tsintsiyar kakarta.

Zubin farko tsararo, kamar shayin marowaci,
shi ne sararin sama da ƙasar tsakar gida.
Sai ka jira.
In ka yi gaggawa takarda ta kumbura ta yi doro,
katanga ta malale cikin rijiya.
Na biyu ya ɗan fi duhu, na uku ya fi na biyu.
Na ƙarshe na dama shi da kauri kamar maɗi,
shi na ajiye wa bakin zaure
da inuwar da ke kwance ƙarƙashin indararo.

Ran da hannu ya bi sabo na zuba sukari,
da asuba na tarar da tururuwa sun yi sahu
suna hawa hasumiyar Gobarau ba tsani,
sun lashe mata gefe guda.
Yahanasu ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ce, "To, Malam, ka samu 'yan kallo."
Mati mai walda ya leƙo, ya daɗe yana duba,
ya ce karen ya yi kyau.
Akuya ce. Ban gyara masa ba.

Gidan Yammawa yanzu shagon siminti ne,
an rushe zauren tun kafin a haifi Barira.
Na maido shi a kan takarda tara,
har da tsagar da ƙadangare ke shiga,
har da randar da murfinta ya fashe.
A ta goma na so in zaunar da Inna a ƙofar ɗakinta.
Fuskar ta ƙi zuwa.
Na shafa duhu ta dama, na shafa ta hagu,
na kewaye wurin ban taɓa shi ba,
sai ga farin mayafinta ya fito da kansa,
daga inda asuwaki bai bi ba.
Na daɗe zaune. Har murfin kwano ya bushe.

Jiya cokali ya fara kankarar gindin gwangwani.
Na taka zuwa kantin Ɗan'azumi.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce, "Ba an ce an hana ka ba?"
Na ce ba ni ba, takarda ce ke sha.
Ya miƙo, bai yarda ba.
Na biya, na sa a aljihu, ina tafe ina shinshinar yatsuna.